Irin Albasar Na'iya

Kebbe, 18 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga ɗana Ziyad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mahaifiyarka Zahara'u, da fatan ciwon gwiwar nan nata ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Atu tana gaishe ka, ta ce tun ran da kaz zo kak kafa farantan solar nan ka mai da mijinta malalaci, wai yanzu zaune nika ban ruwa.

Gaskiyarta kuwa. Rana na ɗagowa sai famfo shi fara da kanshi, ba ja da igiya, ba warin fetur, ba wannan ƙara mai kashe kunne. Mutanen fadama sun mai da gonata wurin kallo. Wani har tambayata yay yi ko da dare hasken wata na iya tuƙa shi. Tsohon injina kuwa na ba surukina Sirajo ya tafi da shi Jabo, tunda bohol ɗaya gare ni, baki ɗaya gare shi, ba shi ɗaukar famfo biyu.

To ga maganar da nika so ka riƙe. Bana ban shuka albasar kasuwa ba. Uwayen albasa nid dasa, fangali talatin da fuɗu, don iri. Kai ɗan boko ne, bari in tuna maka. Wanga iri kakana Na'iya yab bar muna, wanda shi ne kakan mahaifiyarka. Ja ce, mai ƙaramin wuya, tana wata shida a rumbu ba ta ruɓe ba. Damina biyu da sunka wuce ruwa ya ci fadama, na hannun kowa ya ƙare, abin da yar rage duniya shi ne wanda ke ƙasa yanzu a gonata. Ban aje ko ɗaya a ɗaki ba. Za ta yi fure wajen Fabrairu, kuma lokacin fure ba ta son ƙishirwa ko ta kwana ukku.

Aikin da kab ba ni ina yi. Kullum ina aza tiyo cikin duro in duba agogo. Jiya da hantsi minti shida yac cika, da azahar fuɗu, da la'asar bakwai. Ban san mi za ka yi da su ba, amma ga su nan a ƙasan takarda. Waya ba ta kamawa a wanga gefe namu, don haka Sambo direba zai riƙa kawo maka takarda duk ran da yas shigo Tambuwal.

Allah shi yi maka albarka.

Kawunka, Bube

---

Tambuwal, 2 ga Disamba, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, na gode ƙwarai. Inna ta ji sauƙi, har ta fara zuwa unguwa. A gaishe mini da Inna Atu, a ce mata lalacin nan shi ne ci gaba.

Na ji daɗi da famfon yake aiki yadda ya kamata. Lambobin nan kuwa, Kawu, zinariya ne a wurina. Ka san ban da koyarwa a sakandare ina ƙarin karatu a jami'a, kuma abin da nake nazari a kai shi ne ƙarfin hasken rana a yankinmu. Don Allah a ci gaba da rubutawa kullum, sau uku, kada a tsallake ko rana ɗaya. A riƙa goge farantan da safe da tsumma mai laushi. In ka ga launin sama ya sauya, shi ma ka rubuta mini yadda ka gan shi.

Hutun makaranta ya kusa, amma aiki ya yi mini yawa, ban sani ba ko zan samu leƙowa.

Ɗanka, Ziyad

---

Kebbe, 4 ga Fabrairu, 2025

Ziyad,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Atu ta yi fama da mura amma ta miƙe.

Ɗana, famfonka ya fara yi mani wasa. Yau kwana tara ke nan. Da can rana na kai tsawon mashi ruwa ya taho, yanzu sai wajen ƙarfe sha ɗaya shika tari shi tofo kaɗan. Kafin la'asar ya yi shiru. Fangali talatin da fuɗu nika shayarwa da, yanzu in na samu ashirin na gode Allah.

Na goge faranti har hannuna ya gaji. Fes suke, kana ganin fuskarka. Ba iska, ba abin da ke sauka bisa kwano ko bisa lawashi. Amma sama ta yi fari fat kamar an zuba nono, kuma jiya da hantsi na kalli rana ido da ido ba ta yi mani komai ba. Inuwata ma ba ta da baki, ta zama wata dishi-dishi. Ka ce in rubuta maka in na ga haka, to na rubuta.

Mutane sun fara magana. Wani ya ce tsofaffin faranti anka wanke anka kawo mani. Na ce mashi shi kama bakinshi, ɗan Zahara'u ba shi yi mani haka. Amma ka gaya mani gaskiya, in wani abu ya lalace a ciki, ba abin kunya ba ne, kayan Nasara ne.

Albasa ta fidda kai, fure ya fara buɗewa, ƙudan zuma sun cika gonar. Wanga shi ne lokacin da nig gaya maka. Ina shawarar in aika Jabo a maido injina, a zare famfonka daga bohol a sa nawa, har sama ta gyaru. Fetur ya yi tsada amma zan iya. Ban so in taɓa aikinka ba da saninka ba, shi yas sa nika tambaya. Ka ba Sambo amsa, kada ka bari shi dawo hannu sake.

Lambobi na ƙasa.

Kawunka, Bube

---

Tambuwal, 8 ga Fabrairu, 2025

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan Inna Atu ta warware sarai. Hankalinka ya kwanta, babu abin da ya lalace. Farantan sababbi ne, da hannuna na ɓare kwalinsu a gabanka.

Abin da ke faruwa a sama yake, can nesa, sama da inda shirwa ke kaiwa. A wannan lokaci ana ƙona daji da gonaki tun daga nan har ƙasashen kudu da mu. Hayaƙin ba ya ɓacewa kamar yadda muke zato. Akwai ɓurɓushi a cikinsa ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya, iska mai zafi ta ɗaga su sama, su haɗu da wasu irinsu da suka taso daga hamada, su shimfiɗu a can su yi makonni ba su sauko ba. Hasken rana in ya zo wucewa, wani su shanye shi, wani su watsa shi gefe. Shi ya sa ka ga gari da haske amma rana ba ta da kaifi, inuwa kuma ba ta da baki. Ka tuna yadda fitila take in an rufa mata mayafi.

Faranti kuwa kaifin yake ci. Famfo yana bukatar wani ƙarfi kafin ya iya ɗago ruwa daga ƙasa, in bai kai ba sai ya tsaya cik. Shi ya sa yake makara da safe, yake kuma tashi da wuri. Ko ka goge gilashin sau ɗari ba zai ƙara komai ba, dattin ba a kansa yake ba.

Maganar inji kuwa, don Allah Kawu kada a zare famfon. In wanda bai san shi ba ya ja shi, waya na iya tsinkewa a ciki, gyaran kuma sai an kai Sakkwato. A ƙara haƙuri kwana goma, ina sa ran sama za ta washe. In ba ta washe ba ni da kaina zan zo in canza. Albasa tana da juriya, ba za ta mutu ba.

Lambobin wannan makon sun fi na kowane lokaci amfani. A ci gaba, musamman na hantsi.

Ɗanka, Ziyad

---

Kebbe, 21 ga Fabrairu, 2025

Ziyad,

Ina gaisuwa. Lafiya dai muke, in ban da baya da ya riƙe.

Kwana gomanka sun cika shekaranjiya waccan. Sama tana nan yadda take. Ban zare famfo ba, tunda ka ce kada a zare. Ni da Atu muna tara abin da yat taho a duro, muna bi da bokiti muna ɗiga ma kowace a gindi. Mace mai jikoki tana ɗaukar bokiti a fadama, abin da ba ta yi ba tun tana amarya.

Fangulan gabas sun fara sunkuyar da kai. Furen yana bushewa tun bai ɗaura ba, in ka murza sai gari. Ƙudan zuma sun rage.

Sambo ya je gidanku sau biyu, an ce ka tafi jami'a, ba a san ranar dawowarka ba. Na ce ƙila jarrabawa ce tat tsare ka, yaro ba shi ƙin zuwa da gangan. In wagga takarda ta same ka, ko ba ka iya zuwa, rubuto mani kalma ɗaya, in zare ko in bari. Sirajo ya ce a shirye shike shi ɗoro injin bisa babur.

Ga lambobinka, ban tsallake ko rana ɗaya ba.

Bube

---

Kebbe, 3 ga Maris, 2025

Ziyad,

Barka da shan ruwa. Ba ni da doguwar gaisuwa yau.

Na ji ka. Jiya da hantsi muna zaune gindin mangwaro ni da maƙwabtana na fadama, rediyo na rataye, sai ga muryarka cikin shirin manoma, da Hausarka ta Kano wadda ban san ka da ita ba. Wallahi da farko daɗi nij ji. Nic ce ma mutane ku yi shiru, ɗana ne.

Sai mai tambaya yac ce, shin kun yi mamakin yadda ƙarfin rana yar ragu bana? Kac ce a'a. Kac ce tun watan Nuwamba kun yi hasashen zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin ukku, kuma kuna kallon hoton tauraron ɗan'adam kullum, kun san abin zai kai wata guda ko fi. Kac ce kuna da gonar gwaji a Kebbe, inda kunka samu awon kwana talatin a jere ba yankewa, wanda ba a taɓa samu ba a wanga yanki.

Gonar gwaji. Mutane sunka juyo suna yi mani barka, wai gonata ta shiga rediyo. Ni kuwa ina zaune ina lissafin kwanaki da yatsu. Ran da kar rubuto mani kwana goma, ka san ba goma ba ne. Kwana talatin kake nema, ka ga in ka ce talatin ba ni yarda, sai kay yanko mani goma. Sannan kab ɓace don kada in same ka in tambaye ka sauran.

Da yamma Sirajo yaz zo da inji. Munka zare famfonka, minti nawa ne, ko waya ɗaya ba ta tsinke ba. Wannan ma ƙarya ce, ko? Ruwa ya kwana yana gudu a fangali, amma na san abin da nika shayarwa.

Mutumin da yac ce tsofaffin faranti kak kawo mani, na yi mashi faɗa a gaban jama'a saboda kai. Da ma hakan ne, da ya fi mani sauƙi. Wanda yas sayar maka da ruɓaɓɓen kaya ɓarawo ne kawai, ka san inda za ka aje shi. Kai kayanka masu kyau ne, iliminka kuma gaskiya ne, duk abin da kag gaya mani game da hayaƙin nan haka shike. Ka san komai, kab bar ni ni kaɗai ban sani ba, ina duba maka agogo sau ukku a yini.

Na ji ciwo, Ziyad. Ban taɓa jin irinshi daga bare ba, balle daga jinina.

Bube

---

Tambuwal, 9 ga Maris, 2025

Kawu,

Assalamu alaikum. Na dawo jiya na tarar da wasiƙunka biyu. Na karanta su, na sake karantawa, sannan na ɗauko na baya duka na karanta daga farko. Ban san da wace fuska zan gaishe ka ba.

Ba zan ƙara wata ƙarya a kan ta farko ba. Na san ba kwana goma ba ne. Na san famfon yana zaruwa lafiya. Faranti shida na kafa maka alhali na san takwas ne za su riƙe ka a irin wannan lokaci, domin ina son in ga daidai inda famfo ke gazawa. Tafiyata jami'a gaskiya ce, amma da na so da na aiko maka da kalma ɗayar nan kafin in tafi.

Abu ɗaya ne ban yi da gangan ba, kuma shi ya fi ba ni kunya. Na ɗauka albasar kasuwa ce. Abin da na sani tun ina yaro shi ne ana janye wa albasa ruwa in ta kusa cira, sai na ce a raina ƙishirwar Fabrairu ba za ta yi mata komai ba, iyaka ta rage girma, in biya ka bambancin. Jiya na ga ka rubuta mini tun wasiƙar farko cewa iri ne, na Kaka Na'iya, kuma babu wani a ɗaki. Ka sake faɗa a ta biyu. Kawu, duk takardar da Sambo ya kawo, ƙasanta nake fara dubawa in kwafe lambobi, saman kuma in bi shi da ido a gurguje. Gaisuwarka nake gani in ce lafiya kuke.

Na san wannan ba hujja ba ce. Ko albasar kasuwa ce, ba ni da ikon yin gwaji da ita ba ka sani ba.

Zan ƙaro faranti biyu. Na yi magana da masu binciken iri ko akwai mai kama da naku. Zan sa sunanka a farkon littafin bincikena, don ba don kai ba babu shi. Ban gaya wa Inna ba tukuna, na kasa. Ina roƙon ka ba ni izini in zo ranar Sallah in durƙusa a gabanka. Ka gaya mini ko wani abu ya tsira.

Ka yafe mini don Allah.

Ɗanka, Ziyad

---

Kebbe, 27 ga Maris, 2025

Ziyad,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Azumi ya zo da zafi amma muna ciki. Sama ta washe tun sati biyu da sunka wuce, rana ta dawo da kaifinta, na maida famfonka yana ta zuba kamar ba shi ba.

Na daɗe ban amsa ba don ina jiran in ga abin da zan gaya maka. Mun yanke kawunan, mun shanya, Atu ta murza ta sheƙe. Shekaranjiya munka yi abin da akan yi, wanda ba ka sani ba tunda ba a rubuta shi da lamba. Ana zuba iri cikin ƙwaryar ruwa. Mai rai shi nutse, wofi shi taso. Atu ta zuba, munka tsaya muna kallo. Ruwan ya rufe baƙi ƙirin da abin da yat taso. Tat tsame, tas sake zubawa, har munka gama fangali talatin da fuɗu. Abin da yak kwanta a gindin ƙwarya bai cika cokalin shayi ba. Zan gwada shi in Allah ya kai mu, amma na ga ƙwayar, ta yi rama, ban sa rai ba. Atu ta kife ƙwaryar ta shiga ɗaki.

Masu bincikenka su riƙe nasu. Albasa ja ta cika kasuwar Aliero, in mai kama nika so na san hanya. Sunana kuma kada ka sa a littafi. Ban ba ka komai ba, ɗauka kay yi.

Maganar yafiya, watan azumi ne, kuma ina son Allah shi yafe mani nawa. Ina ƙoƙari. In na ce maka na gama na yi ƙarya, kuma ƙarya ta isa haka tsakaninmu. Ranar Sallah ka zo in kana so. Gidan kawunka ne, za a shimfiɗa maka tabarma, za a ba ka tuwo. Fadama dai kada ka bi.

Sambo zai ba ka ƙullin tsumma tare da wagga takarda. Ba naka ba ne. Tun zamanin Na'iya, duk shekarar da anka fidda iri, sai an ƙulla ma kowane gida na zuri'a rabonshi, ko suna noma ko ba su yi. Mahaifiyarka ba ta taɓa rasa nata ba, ko shekarar da ubanmu yar rasu. Bana ma ba ta rasawa. Daga abin da yat taso bisa ruwa niƙ ƙulla mata, don shi muka da shi.

Kada ka ba yaro shi kai mata, kada ka aje mata bisa gado. Ka sa mata a hannu da kanka. Ɗiyar manoma ce, tana karɓa za ta ji ba nauyi, za ta tambaye ka mi yaf faru. Ka tsaya nan ka gaya mata.

Bube